Dariyar Mai Nono

A tashar Bagwai, Safara'u mai nono tana jiran mota kusa da wani ɗalibi mai tabarau. A wayarsa ɗan barkwanci yana kwaikwayon Hausar Fulani, 'yan kallo suna ta shewa.

"Ɗan nan, rage muryar."

"Inna, fasaha ce, ba kowa ke ganewa ba. Kamar wasanku da Barebari ne."

"Babarbare a gabana yake tsokanata, in rama. Wannan a ina zan gan shi?"

"Ai har Fulanin dariya suke!"

"Na sani. Ranar kasuwa aka kunna min, aka zagaye ni ana kallon fuskata. Na yi dariyar."

"To kin gani!"

"Masu sayen nonona ne, ɗan nan. Lokacin da sauran ƙwarya biyu ban sayar ba."