Littafin da Za a Kai wa Fatu

A tashar Dutsin-Ma muna jiran motar Kurfi ta cika, na kasa kunne, sana'ar da na fi ƙwarewa a kanta. Wani dattijo ya dubi ɗalibar da ke karatu kusa da shi.

"Ɗiyata, jikata Fatu ta bar littafi, sai waya. Wane littafi zan kai mata?"

"Wannan, Baba. A cikinsa duniya ta rushe, ba lantarki, mutane na haƙa rijiya suna ɓoye gero."

"A rumbu?"

"A'a, a ƙasan ɗaki."

"Gara za ta cinye! Wannan ai zaman ƙauyenmu ne, kuma mun fi su iyawa. Ba wani?"

"Akwai na maciji mai fukafukai, yana aman wuta."

"Yawwa, rubuta mini sunansa! Wannan kam Fatu ba ta saba ganinsa a gida ba."