Wayar Gidan Tsohon Direba

"Na ce ba na so, dole ne?" Tsohon direban ya buga sandarsa a ɗakin jira na kamfanin waya. Ta kusa da shi, wata mai ɗinki da bakinta ba ya hutawa, ta janye ƙafa.

"Haba Baba, shawara ce fa. Intanet ɗin ta layin wayar gida yake bi. Talabijin tar, har gumin ɗan ƙwallo za ka gani."

"Haka jikokina suka ce, su suka turo ni. To in fim ya cika layin, mai kira ta ina zai shigo?"

"Wa ke kiran wayar gida yanzu, fisabilillahi?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Autana. Shekara shida da ya yi fushi ya tafi. Lambar nan kaɗai ya haddace."

Ta sassauta murya. "Ba sa tare wa juna hanya, Baba. Ana kallo, wayar na ƙara. Haka tawa take."

"Kin tabbata, 'yata?"

"Wallahi. Yanzu wa ka bari kusa da ita?"

Ya miƙe zumbur. "Waɗannan ja'iran? Ko ta fashe ba za su ɗauka ba!"

Ya fice da sauri, ya bugo ƙofar garam.