Ƙwaryar Burkutu Na Jiran Maigidana

Mai gabatarwa, salama gare ka da masu sauraro. Ni matar aure ce daga Madakiya.

Maigidana ya bar giya bayan ta kusa kashe shi. Yanzu 'yarmu za ta yi aure, kuma a danginsu uban amarya ke fara shan burkutun da iyayen ango suka kawo, alamar ya amince. Yayyensa sun ce, "Kurɓi ɗaya ne kawai." Shi ma ya fara cewa yanzu zai iya shan kaɗan.

Ya taɓa barin ta a baya, da kaɗan ɗin nan ya koma, har aka tsinto shi cikin kwalbati bai gane ni ba.

Don Allah ku ba ni shawara, kada in aurar da 'ya in rasa miji rana ɗaya.