Kunun Tsohon Tulu

A tashar Rano na ji wani dattijo yana yaba wa mai sayar da kunun zaki.

"Kai, Malam! Wannan kunu a tulu ya kwana, ba a roba ba. Ga ƙanshin ƙasa, ga yajin citta yana biyo baya. Ƙaro mini."

"Lallai Baba ka san kunu."

"Na gidana ne kullum lami, ko kallonsa ba na yi. Wa ke dama wannan?"

"Wata Hajiya Bara'atu ce a Unguwar Gai. A wurinta nake saro shi kowace safiya."

"Mai tulun nan mai karyayyen baki?"

"Ita fa. Ka san ta ne?"

"Mai ɗakina ce. Don girman Allah kada ka gaya mata na nemi ƙari."