Tuƙin Dare Ya Haɗa Ni da Ciwon Sukari

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Idi, direban babbar mota daga Maigatari. Don Allah ka karanta takardata, ko wani zai ji ya agaza mini.

Na daɗe ina ɗaukar shanu daga kasuwarmu zuwa kudu. Da dare muke tafiya, don zafin rana yana kashe dabba a mota. Tuwona sai tsakar dare a tasha, in bi shi da shayi mai sukari da yawa don kada gyangyaɗi ya kwashe ni. Barcin rana kuwa ba ya isata.

Bara ƙishirwa ta addabe ni, ga yawan fitsari, ga rama. Maiɗakina ce ta lura kiyashi yana taruwa inda na tsuguna. A asibitin Gumel likita ya ce ciwon sukari ne, kuma cin dare da rashin barci suna rura shi.

Na bar sukari na koma zuma, tunda mun tashi muna jin waraka ce. Da likita ya ji, ya ce gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Yanzu dishi-dishi nake gani, fitilar mota ɗaya sai ta zama biyu.

Na roƙi maigidana ya ba ni aikin rana. Ya ce, "Idi, shanu ba sa tafiyar rana. In ka gaji, ajiye makulli."

'Ya'yana bakwai, kuma ban iya komai ba sai tuƙi. Jama'a, ku ba ni shawara kafin Alhamis, don ranar za a sake loda mini shanu.