Igwa Ta Biyar

Ranka ya daɗe Kanar Arancibia, kwamandan rundunarmu ta igwa, Fada Zenón, Doña Felisa, uwargidan marigayi, tsofaffin abokan aiki, ina gaishe ku. Ni ne Kofur Hilarión mai ritaya.

Marigayi Saje Eleuterio Ticona ya kasance mai riƙon tarihinmu. Ya kasance mai goge tagulla har sai ka ga haƙoranka a ciki. Ya kasance mai taurin kai, Doña Felisa, ke ma shaida ce.

Wata rana ya cire hular kaina, ya nuna tambarin rundunarmu da ke jikinta, ya ce, "Kai ɗan'uwa, igwa nawa ke jikin tambarin nan?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "Nawa muka ja zuwa mahaƙar Cerro Pardo?"

Na miƙa hannu in karɓi hulata. Ya ce, "Bakinka ya mutu? To, alfadarin da ya ja ta biyar ya fi ka gaskiya."

Biyar muka ja. Aka ce mu harba cikin ma'aikatan da ke yajin aiki. Mutum shida na igwa ta biyar suka ƙi. Aka tafi da su a mota, ba mu sake ganinsu ba. Da aka sabunta tambari, sai ga igwa huɗu.

Shekara arba'in Eleuterio yana tattara labarin mutum shidan nan a littafi guda. Ranar Litinin zai miƙa wa iyalansu, ana saura kwana biyu, ranar Asabar, aka ce ya faɗo daga tsani a ɗakin tarihin runduna, ya rasu. Mutumin da gwiwarsa ba ta bari ya hau matakalar coci! Ranka ya daɗe, wa ya kai masa tsani? Wa ya buɗe akwatinsa ya ɗauke littafin kafin matarsa ta iso? Tambaya kawai muke yi.

Doña Felisa, ki share hawaye. Mijinki bai taɓa yarda da kwaɗon akwati ba. Ya raba wa tsofaffi shida sunayen nan, kowa ɗaya, da garinsa da sunan uwarsa. Nawa shi ne Anselmo Quenta, ɗan Dominga, mutumin Río Chico. Sauran biyar suna zaune cikinku, ba kuwa zan nuna su ba.

Mun gode da zuwanku, har da waɗanda aka turo su rubuta abin da zan faɗa.

Ubangiji ya ji ƙan Eleuterio, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya ɗauke littafin kuma, Allah ya ba shi tsawon ran da zai karanta shi har ƙarshe. Amin.