Baba Shiru da Kanta ta Ƙarshe

Shugaban kwamitin ɗakin karatu, malamanmu masu daraja, Inna uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni mai digiri ne a fannin adabi, da sakamako mafi daraja, kuma tsofaffin yaran wannan ɗaki ne suka wakilto ni. Manufata biyu ce: in yabi mamaci, in ƙalubalanci rayayyu.

Ya kasance ma'aikacin sashen yara. Muna kiransa Baba Shiru, domin kalmar da ya fi furtawa ke nan. Ya kasance mai tsaron kanta ta ƙarshe, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, inda littattafan fatalwa da aljanu suke. Ya kasance da ƙa'idar da ba ta lanƙwasuwa: ba ya ba yaro ɗaya irin wannan littafi, sai yara biyu, su karanta a benci guda.

Na taɓa ja da shi. "Baba, ni fa ba na tsoro."

Ya rage murya. "Na sani, sarkin baki. Wancan mai kunnuwan ne matsoraci. Taimaka ka zauna da shi."

Mai kunnuwan ga shi can, yau likita ne, kuma aminina. Sai a zaman makoki muka gano cewa shi ma abin da Baba ya raɗa masa ke nan a kaina.

A makon jiya na sake ɗauko labarin yarinyar da inuwarta ke riganta komawa gida, da niyyar yi masa fashin baƙi irin na masana. Da rana tsaka, ga gemu ga digiri, tsikar jikina ta tashi. Da muna yara, inuwar muke tsoro. Yanzu na lura cewa a gidan kaf, har uwarta, babu wanda ya gane ba yarinyar ce ke zaune cikinsu ba. Na kira likita a waya. Ya ce, "Rage min wuri a bencin, ina tafe."

Inna, mijinki bai firgita mu ba. Ya hana mu jin tsoro mu kaɗai.

Mun gode da halartarku. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ɗebe masa kewa a cikinsa.

Ranka ya daɗe shugaba, labari ya iso mana cewa za a kwashe kantar a ɗure a kwali, wai tana hana yara barci. Mu ne yaran. Muna buƙatar amsa a rubuce kafin ƙarshen watan nan cewa kantar za ta zauna inda take. Bencin ma haka.